Sai Baƙo Ya Mutu Kafin Ya Zama Ɗan Gari?

Duk shekara idan watan Disamba ya kama, kafafen watsa labaran Amurka kan dawo da labarin harin da Japan ta kai wa sansanin sojojin ruwa na Pearl Harbor a 1941, kuma cikin sunayen da ake ambata akwai na Peter Tomich, baƙon da ya fito daga yankin Balkan, ya mutu a cikin jirgin ruwan soja yana ƙoƙarin kuɓutar da abokan aikinsa. A wata muhawara kan shige da fice da na saurara, wani mai son a tsananta wa baƙi ya kawo labarin mutumin nan, ya yabe shi yabo mai kyau, sannan ya ce irin wannan baƙon suke so, ba irin waɗanda ke shigowa yanzu ba. Abokin muhawararsa mai kare baƙi shi ma da Tomich ya kafa hujja, ya ce ga abin da baƙo ke iya yi, saboda haka a buɗe musu ƙofa.

Na daɗe ina juya maganar mutanen nan biyu, kuma abin da ya dame ni shi ne, duk da cewa suna jayayya da juna, ma'auni ɗaya suka ɗauka. Na farko yana cewa baƙo ya cancanci zama idan ya kai Tomich, na biyu yana cewa a bar baƙi su zauna domin a cikinsu akan samu irin Tomich. Ta kowace fuska aka duba, an ɗora wa baƙo farashin da ba a taɓa neman haifaffen ƙasa ya biya ba, wato ya nuna irin jarumtar da ake ba da lambar yabo a kanta, wadda sau da yawa mai ita ba ya rayuwa ya ga lambar.

Ra'ayina shi ne haƙƙin da Tomich yake da shi a kan Amurka ya riga ya tabbata tun kafin safiyar da ya mutu. Shekaru 24 da ya yi sanye da kakin sojanta, mafi yawansu a can ƙasan jirgi inda babu mai ganinsa, su ne suka mai da shi ɗan ƙasa na haƙiƙa, kuma da a ce ya yi ritaya ya mutu a kan gadonsa ba wanda ya san sunansa, da haƙƙin nan bai ragu da komai ba. Abu na biyu da ya biyo bayan wannan shi ne, ƙasar da ta karɓi rantsuwar baƙo, ta sa masa kaki, ta tura shi inda ake mutuwa, ba ta da hurumin ci gaba da riƙe shi a matsayin wanda za a iya kora. Amurka tana yin hakan har yanzu, kuma yabon Tomich ba zai wanke ta ba.

Mutumin da aikinsa

An haife shi a 1893 a ƙauyen Prolog, kusa da garin Ljubuški, a ƙasar da yau ake kira Bosniya da Herzegovina, a lokacin tana ƙarƙashin daular Ostiriya-Hangari. Ɗan ƙabilar Kuroshiya ne. Ya isa Amurka a 1913 yana ɗan shekara 20, ya shiga sojan ƙasa a 1917, aka ba shi takardar zama ɗan ƙasa a 1918, kuma da aka sallame shi a watan Janairun 1919 bai ɗauki lokaci ba ya koma rundunar sojojin ruwa. A can ya zauna har ƙarshen rayuwarsa.

Jirgin yaƙi na wancan zamani da tururi yake tafiya. A can ƙasa akwai manyan tukwanen ƙarfe da ake hura wa wuta da baƙin mai, ruwan cikinsu ya tafasa ya zama tururi mai tsananin ƙarfi, tururin ya juya injin, ya kuma ba jirgi lantarki. Tomich shi ne babba a cikin masu kula da ruwan tukwanen nan. A jikin kowace tukunya akwai siririn bututun gilashi da ke nuna inda ruwa ya tsaya, kuma idon mai wannan aiki ba ya nisa da gilashin nan muddin yana bakin aiki, cikin zafi da ƙara da warin mai. Idan ruwa ya yi ƙasa, bututan ƙarfe su ƙone su tsage. Idan ya yi yawa, ya bi tururi ya lalata injin. Babu wanda ke tafa wa mai wannan aiki, domin alamar ya iya aikinsa ita ce babu abin da ya faru.

Jirgin da yake ciki, USS Utah, tsohon jirgin yaƙi ne da aka cire wa manyan bindigoginsa tun farkon shekarun 1930, aka mai da shi abin koyon harbi. Jiragen sama kan jefa masa bama-baman gwaji, shi ya sa aka shimfiɗa masa manyan katakai a sama don kare mutanen da ke ciki. Masu tsara harin na Japan ba su ma so a ɓata makami a kansa ba, wasu matuƙa ne suka yi kuskure suka far masa.

Da misalin ƙarfe 8:01 na safiyar Lahadi, 7 ga Disamba, makaman tofido biyu masu tafiya ƙarƙashin ruwa suka huda shi ta gefen hagu. Ruwa ya kwararo, jirgi ya fara karkata, katakan nan suka kwance suna zamewa kan masu neman tsira. Da ƙarfe 8:12 ya riga ya kife. Minti 11 ke nan.

A cikin mintocin nan kowa sama yake nema, Tomich kuwa ya tsaya a ɗakin tukwane. Duk wadda ta taɓa kwara ruwan sanyi a tukunyar da ta yi jawur a kan murhu ta san yadda take tsartuwa da tururi. To a ƙiyasta hakan a tukwanen da kowacce ta kai girman ɗaki, cike da tururi a matse, ruwan teku yana shigowa, ga kuma ɗaruruwan mutane a samansu da cikin ruwan da ke kewaye. Takardar da ta raka lambar yabonsa ta bayyana cewa ya san jirgin kifewa yake yi, amma bai bar wurin aikinsa ba sai da ya ga an kashe dukkan tukwanen kuma duk mutanensa sun fita, kuma a kan haka ya rasa ransa. Yana da shekara 48. Mutum 58 ne suka mutu a jirgin, fiye da 400 suka tsira.

Ina roƙon mai karatu ya lura da abu ɗaya a nan. Wanda bai san tukwanen nan ba, ko da ya fi kowa ƙarfin zuciya, tsayuwarsa a ɗakin ba za ta ceci kowa ba. Sanin wane famfo za a rufe da farko, a cikin jirgin da ƙasansa ke komawa bango, sai wanda ya shafe shekaru yana yi har hannunsa ya haddace. Mintoci 11 da ake yabo sun fito ne daga shekaru 22 na aikin sojan ruwa da ba a ambata, kuma wanda ya raba su bai fahimci abin da ya faru a Utah ba.

Masu cewa ai shi ta ƙofa ya shigo

Hujjar farko da za a kawo mini ita ce Tomich ya bi doka, ya shigo ta hanyar da aka yarda, ya zama ɗan ƙasa tun shekaru 23 kafin mutuwarsa, don haka bai kamata a haɗa shi da baƙin yau ba. Gaskiya ne ya bi doka. Sai dai ya kamata a tambayi wace doka ce, kuma me ya sa ta buɗe masa.

A 1913 Bature mai lafiya da ɗan guzirinsa ba ya bukatar wata biza kafin ya shiga Amurka. A watan Mayun 1918, ana tsakiyar yaƙin duniya na farko, majalisar dokokin ƙasar ta sassauta sharuɗɗan zama ɗan ƙasa ga baƙin da ke cikin soja, domin kusan rabin miliyan na sojojinta a lokacin haifaffun wasu ƙasashe ne, kuma tana bukatarsu. Shekara shida bayan haka, a 1924, majalisar nan dai ta kafa dokar da ta ƙayyade adadin baƙi bisa asalin ƙasa, aka tsara ta da gangan domin ta toshe mutanen kudanci da gabashin Turai, waɗanda manyan masu faɗa a ji na lokacin suke kallo a matsayin ƙasƙantaccen iri. Kason da aka ba Yugoslabiya gaba ɗaya, ƙasar da ƙauyen Tomich ya koma cikinta bayan yaƙi, bai kai mutum 1,000 a shekara ba.

Ma'ana, da Tomich ya makara da shekara goma sha biyu, da wuya ya samu shiga. Lokacin da yake ƙasan jirgi yana kallon gilashin ruwa, dokar ƙasar da yake wa aiki tana cewa irinsa ba abin so ba ne. Mai muhawarar da ya ce irin wannan baƙon suke so ya manta cewa magabatansa a wannan ra'ayi sun ce ba sa son irinsa, kuma sun rubuta hakan a doka. Sai bayan mutum ya mutu an rataya masa lamba ake gane cewa shi ne baƙon kirki. A bakin iyaka kuwa, saurayi ɗan shekara 20 daga ƙauyen da ba a san sunansa ba, babu jami'in da zai iya duban fuskarsa ya san abin da zai zama.

Masu cewa albashi ya kawo shi

Wasu kuma, har a cikinmu, za su ce kada a cika zuzutawa, talaka ne ya fita neman abinci, soja ta ba shi albashi da wurin kwana, kuma abin da ya yi a ƙarshe domin abokan aikinsa ya yi, ba domin tutar Amurka ba. Ban ga abin musu a nan ba, kuma ban ga yadda hakan ya rage masa daraja ba. Yawancin haifaffun Amurka da suka shiga sojan ruwa a shekarun karayar tattalin arziki na 1930 su ma abinci ne ya kai su. Babu wanda ya bincika zuciyarsu kafin ya kira su 'yan kishin ƙasa.

Kishin ƙasa da ake iya gani da ido bai wuce wannan ba: mutum ya riƙe amanar aikin da aka ba shi, ya kuma ƙi barin na kusa da shi a cikin halaka. Ƙasa ba ta da wata fuska a ɗakin tukwane sai fuskokin samarin da ke aiki a ƙarƙashinsa. Wanda ya mutu domin su fita ya yi wa ƙasar abin da ba a isa a nemi fiye da shi ba, ko mene ne ya sa ya fara shiga aikin.

Akwai kuma tsohon zargin nan na cewa zuciyar baƙo a rabe take, ranar da aka shiga tsakanin ƙasarsa ta haihuwa da ta zama ba a san inda zai karkata ba. Tomich ya fuskanci wannan jarrabawa tun yana sabon soja, domin Amurka ta shelanta yaƙi a kan Ostiriya-Hangari a ranar 7 ga Disamban 1917, shekaru 24 cif kafin ranar mutuwarsa, lokacin ko takardar zama ɗan ƙasa bai samu ba, kuma ya ci gaba da zama cikin kakinsa. Ba na cewa ba a taɓa samun maci amana a cikin baƙi ba. Amma ɗaya daga cikin mafi munin cin amanar da rundunar sojojin ruwan Amurka ta gani shi ne na John Walker, wanda ya shafe shekaru daga 1967 yana sayar wa Tarayyar Sobiyet asirin sadarwar rundunar har aka kama shi a 1985, kuma a birnin Washington aka haife shi. Wurin haihuwa ba ya nuna amana. Cikin mutum kimanin 3,500 da aka ba lambar Medal of Honor, wadda ita ce mafi girma a sojan Amurka, fiye da 700 haifaffun wasu ƙasashe ne.

Ai an karrama shi

Wannan hujja tana da nauyi, kuma adalci ne a faɗi abin da aka yi. An ba shi lambar yabo mafi girma. An sa wa wani jirgin yaƙi sunansa, USS Tomich, wanda ya fara aiki a 1943. A 1947 jihar Utah, wadda jirgin da ya mutu a ciki ke ɗauke da sunanta, ta ayyana shi ɗan jiha na girmamawa. A makarantar horar da manyan ƙananan hafsoshin ruwa da ke Newport, a jihar Rhode Island, akwai ginin da ke ɗauke da sunansa. Ƙasashe da yawa ba sa yi wa nasu haifaffun rabin wannan.

Amma labarin lambar kanta yana da abin dubawa. Lokacin da aka tashi miƙa ta, ba a samu wanda za a ba ba. Ɗan'uwan da ya rubuta a takardunsa a matsayin magaji ba a same shi a adireshin ba. Lambar ta yi ta yawo, daga jirgin da ke ɗauke da sunansa zuwa jihar Utah, daga baya zuwa Newport. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka rikita binciken shi ne a ƙauyensu da sunan Herceg da laƙabin Tonić aka san gidansu, takardun Amurka kuwa suka mai da shi Tomich.

Wani tsohon hafsan ruwa kuma lauya, Robert Lunney, shi ya ɗauki abin a kansa a ƙarshen shekarun 1990. Ya je har yankin, ya bi littattafan coci, ya gano dangin. Rundunar ba ta gamsu ba, ya kai ƙara kotu, kotu ta yi watsi da ƙarar. Sai a ranar 18 ga Mayun 2006 aka miƙa lambar ga wani ɗan'uwansa a kan jirgin USS Enterprise, a gaɓar birnin Split na Kuroshiya, fiye da shekaru 64 bayan mutuwarsa.

Ban ɗauki wannan jinkiri a matsayin mugunta ba. An yi yaƙi, Yugoslabiya ta koma hannun 'yan gurguzu, daga baya ta wargaje cikin jini, kuma hukuma tana da dalilin yin taka-tsantsan kada ta ba wanda ba shi ba. Abin da ke sosa mini rai shi ne mutum ya yi shekaru 22 a wuri, an san lambarsa, an san muƙaminsa, an san ƙwarewarsa, amma ba a san gidansu ba. Haka rayuwar baƙo take a wurare da yawa, ana sanin hannunsa ba a sanin asalinsa. Hausawa kan ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba, ga shi kuwa wannan baƙon yana kwance a cikin jirgin Utah har yau, domin ba a taɓa fitar da jirgin daga ruwa ba, yana nan kusa da tsibirin Ford a Pearl Harbor.

Waɗanda suka rayu

Karrama matacce ba shi da tsada. Ba ya neman fansho, ba ya rashin lafiya, ba ya faɗawa shaye-shaye, ba ya aikata laifi. Inda ake gane matsayin baƙon soja a wurin ƙasa shi ne idan ya dawo da rai, musamman idan ya dawo da rauni a jiki ko a ƙwaƙwalwa.

A dokar Amurka, baƙo mai izinin zama na dindindin yana iya shiga soja, amma shigar ba ta mai da shi ɗan ƙasa. Sai ya cika takardu na daban, kuma da yawa sun ɗauka rantsuwar da suka yi ranar shiga soja ta wadatar, ba su gane kuskurensu ba sai da suka shiga hannun hukuma. Dokokin shige da fice na 1996 sun faɗaɗa jerin laifukan da ke jawo kora, suka kuma rage wa alƙalai damar duba tarihin mutum kafin su yanke. Ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisar dokokin ƙasar ya ba da rahoto a 2019 cewa tsakanin 2013 da 2018 an shigar da tsofaffin sojoji kimanin 250 cikin shari'ar kora, an kori 92, kuma ya ce hukumar shige da fice ba ta riƙa bin nata ƙa'idojin kan irin waɗannan mutane ba, ba ta ma da cikakken lissafinsu.

Hector Barajas misali ne da aka sani. An kawo shi daga Meziko yana yaro, ya yi aiki a rundunar sojojin laima ta 82, aka sallame shi cikin mutunci. Daga baya ya amsa laifin da ya shafi harbin bindiga a kan wata mota, ya yi zaman gidan yari, sannan aka kore shi a 2004. A birnin Tijuana na Meziko, da ke kan iyakar Amurka, ya buɗe gidan da ke karɓar korarrun tsofaffin sojoji irinsa. Gwamnan California ya yi masa afuwa a 2017, ya zama ɗan ƙasa a 2018.

Za a ce ai laifi ya yi, kuma laifi mai muni. Haka ne, ba na neman a sassauta masa ko kwana ɗaya na ɗauri. Tambayata ita ce, abokinsa da suka yi horo tare, wanda aka haifa a Texas, idan ya aikata wannan laifin, me ake masa? Ana ɗaure shi, idan ya gama ya koma gidansa, ya ci gaba da zuwa asibitin tsofaffin sojoji. Barajas kuwa bayan ɗaurin sai aka ƙara masa hukunci na biyu, aka raba shi da iyalinsa da ƙasar da ya tashi a cikinta. Lokacin da ake rabon haɗari ba a bambanta su ba, sai da aka zo rabon hukunci. Abin da ya fi ban takaici shi ne tsohon sojan da aka sallama cikin mutunci, ko da an kore shi, yana da haƙƙin a binne shi a maƙabartar sojojin Amurka. An yarda ya dawo a makara, ba a yarda ya dawo da ƙafarsa ba.

Wannan hali ba sabo ba ne. Fiye da mutum 200,000 'yan Filifin sun yi yaƙi da Japan a ƙarƙashin umarnin Amurka bisa alƙawarin za a ba su haƙƙoƙin tsofaffin sojoji, a 1946 majalisa ta soke alƙawarin, sai a 2009 aka ba waɗanda suka rage kuɗin sallama sau ɗaya, dala 15,000 ga wanda ya zama ɗan Amurka, dala 9,000 ga wanda bai zama ba.

Mai karatu na iya cewa ina ruwanmu da sojan Amurka, ƙasar da yaƙe-yaƙenta na baya-bayan nan da yawa daga cikinmu ba mu yarda da su ba. Ana iya ƙin yaƙin a kuma ga zaluncin da aka yi wa wanda aka tura. Ban da haka, abin ba baƙo ba ne a wurinmu. A yaƙin nan dai da Tomich ya mutu a cikinsa, kakanninmu sun je Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, suka yaƙi Japan a ƙarƙashin tutar Ingila, a kan albashin da bai kai na Turawan da ke gefensu ba. Su ba baƙi ba ne, mutanen da ake mulka ne, amma sun san abin da ake nufi da a bukaci jininka a daidai da na kowa, a kuma auna haƙƙinka da wani mudu daban.

Haɗarin kafa hujja da gwarzo

A nan ne nake rabuwa da abokin muhawarar da ke kare baƙi, duk da cewa zuciyata tana gefensa. Idan aka ce a karɓi baƙi domin a cikinsu akwai gwaraza, to ranar da wani baƙo ya yi kisa, za a ce a kore su domin a cikinsu akwai masu kisa, kuma hujjar biyu ƙarfinsu ɗaya. Mutum ɗaya, nagari ko mugu, ba ya zama shaida a kan miliyoyi. Yawancin baƙin da ke cikin rundunar sojojin ruwan Amurka a yau ba za su taɓa shiga minti 11 irin na Tomich ba. Za su gyara injin, su dafa abinci, su yi gadi, su gama wa'adinsu su fita, wasu da yabo wasu da matsala, kamar kowa. Haƙƙinsu yana kan wannan aikin na kullum, domin duk wanda ya sauka ɗakin injin ya riga ya amince cewa idan ranar ta zo shi ne mafi nisa da ƙofar fita.

Ina kuma yarda cewa kowace ƙasa tana da ikon zaɓar wanda zai shigo mata, da yawan da za ta iya ɗauka, kuma masu damuwa da tsaron iyaka ba dole ne su zama masu ƙin jinin baƙi ba. Lokacin yin wannan zaɓi shi ne kafin a ba mutum kaki. A bincike shi yadda ake so, a ƙi shi idan an ga dalili. Amma da zarar an karɓi rantsuwarsa, zaɓi ya ƙare, ƙasa ta riga ta ce nata ne.

An sha gwada gyara, sai dai kullum ta hanyar umarnin gwamnati mai ci, wanda ta gaba ke iya sokewa. A 2009 an fara shirin da ke ba sababbin sojoji damar zama 'yan ƙasa tun suna sansanin horo, a 2018 aka rufe shi. A 2021 an buɗe wani shiri da ya ba wasu korarrun tsofaffin sojoji damar dawowa. A watan Disamban 2022 majalisar wakilai ta amince da ƙudurin da zai kare tsofaffin sojoji baƙi daga kora cikin gaggawa, amma bai tsallake majalisar dattawa ba. Saboda haka makomar saurayin da ya shiga soja yau ta dogara ne da wanda ya ci zaɓe a shekarar da matsala ta same shi.

Dokar da ake bukata ba mai tsawo ba ce. Baƙon da ya kammala horon soja a miƙa masa takardar zama ɗan ƙasa tare da kakinsa, ba tare da ya nema ba, sai idan shi ya ce ba ya so. Wanda aka sallama cikin mutunci, idan ya yi laifi a hukunta shi a kotu kamar kowane ɗan ƙasa, a bar shi a nan. Waɗanda aka riga aka kora kuma, a sake duba shari'arsu ɗaya bayan ɗaya, a fara da tsofaffi da marasa lafiyan da ke zaune a Tijuana, waɗanda asibitocin da suke da haƙƙin zuwa suna can San Diego, a ɗaya gefen shingen.